Ƙusa Hamsin da Biyar a Gwangwani

Yaya,

Kin taɓa jin bashin da ba ya haihuwa? To ni na gan shi, yana aljihuna ma yanzu haka. Amma bari in gaishe ki tukuna, kar ki ce birni ya ɓata ni. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewarku. Aikin kafinta na tafiya, Maigida ya daina ce min mai hannun katako, har ƙofa yake bari in kafa ni kaɗai.

Wata mata ce ta zo shagonmu daga banki ta yi mana kati. Wai ka sayi abu da shi, in ka biya cikin kwana hamsin da biyar ko ɗigon ruwa babu a kai. Sau uku ina tambayarta, don kin san alkawarin da muka yi wa Baba kafin ya rasu, ba mu ba kuɗin ruwa, ci ko bayarwa. Ta ce babu.

Yaya, na saya miki keken ɗinki da katin. Baƙi, mai ƙafa, irin wanda kike tsayawa kallo. Ɗan kunnenki da kika sayar kika yi min kuɗin mota, ban manta ba. Na ƙirga ƙusa hamsin da biyar na zuba a gwangwanin madara, kullum da safe in cire ɗaya. Albashi biyu zai same ni kafin su ƙare. Ina gama biya zan ɗoro miki shi a mota. Ki share masa wuri kusa da taga.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, har da labarin yara sun taya ki jan gado don a yi wa keke wuri. Shi ya sa na yi kwana shida ina juya biro.

Na ci amanar Baba, Yaya, kuma ban san ina ci ba.

Ranar da na je banki saura ƙusa goma sha ɗaya a gwangwani. Na sa rigata mai kyau, kuɗin keke cif a hannuna, ina jin kaina wai na zo da wuri. Mutumin da ke bayan gilashi ya duba, ya ce na makara da kwana goma sha shida, ruwa ya hau, ga tara. Na ce ba ni ba dai. Har gwangwanin na ba shi labari. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, takarda ya jawo ya zana min.

Ashe ba daga ranar da ka sayi abu suke fara ƙirga ba. Suna da watansu na kansu. Ranar da ya ƙare sai su rufe lissafi, su ba ka kwana ashirin da biyar ka biya duka. Wanda ya saya ranar da watan ya buɗe, shi ke da hamsin da biyar ɗin. Ni saura kwana uku a rufe na saya. Kwana ashirin da takwas kawai gare ni, ina can ina lallaɓa ƙusa. Da na ƙara haƙurin kwana huɗu kafin in saya, da duk wannan bai faru ba. Kwana huɗu, Yaya.

Sun aiko takarda mai ranar biyan, ya nuna min irinta. Na gane ta. Tana ƙarƙashin katifata, ban kai wa kowa ya karanta min ba, don kar yaran shago su san karatuna bai kai nan ba.

Ruwan bai kai kuɗin takalmi ba. Amma da hannuna na miƙa shi, daga kuɗin da na ajiye na ɗoro miki keken. Maigida ya ce in manta, kuskure ne. Na so in turo keken shiru, ba mai sani. Sai in tuna da shi za ki ciyar da yara, a ɗakin da Baba ya yi jinya. Na kasa.

Telan da ke ƙasan benenmu zai saya, ya rage min kaɗan. Katin kuwa na datsa shi da almakashin da na saya miki, almakashin dai da kuɗin hannuna ne, yana nan tafe. Na juye sauran ƙusoshin, kuɗin keke zan zuba a gwangwanin, in riƙa ƙarawa har ya kai wani. Wata biyu, in Allah ya yarda. Kar ki faɗa wa Inna, ni zan faɗa mata da bakina.

Wurin da kika share kusa da taga, kar ki bari a mayar da gado.

Zan tashi haka, ga tela can yana buga ƙofa, kuma keken sai mutum biyu ke iya sauko da shi.

Ƙaninki,
Auta