Tsintsiyoyin da Suka Koma Otal

Litinin, 29 ga Janairu (19 ga watan ƙarshe, a lissafinmu na ganin wata)

Baƙi 'yan gudun sanyi daga su Beijing sun cika gari, kasuwa ba wurin sa ƙafa. Wani ƙato da rana ta dafa wa ciki ya yi jajir ya tsaya gabana yana tambayar mai kifi ko kifin na teku ne. A'a, a bishiya aka tsinko shi. Ga teku nan a bayansa yana jin ƙararta.

Saura kwana goma sha ɗaya shekara ta ƙare. Zakaran da za a miƙa wa kakanni ya yi ƙiba, da kyar yake ɗaga ƙafa. Mijina, baban ɗana Awen, shi ya dandaƙe shi da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Ya ɗauka shi zai miƙa shi, ashe shi za a miƙa wa.

Ranar ƙarshe ta shekara namiji ne ke tsayawa gaban teburin kakanni, ya miƙa zakara, ya kira sunayensu su zo su ci. Bana sunan tsohon ya shiga jerin. Namiji ɗaya ya rage a gidan nan, shi kuma yana otal sanye da riga mai furanni, yana koya wa manyan mutane yadda ake shan ruwan kwakwa. Shekara shida Awen bai ci abincin ƙarshen shekara a gida ba. Bana dole ya zo. Ubansa ba zai iso gidansa ya tarar ba mai kiran sunansa ba.

Laraba, 31 ga Janairu (21)

Awen ya zo da lemo a leda, na san da magana.

Wai manajansu yana son baƙi su ga "al'ada ta gaskiya". Gidanmu kaɗai ya rage a ƙauyen mai tsohon rufi da azara, sauran duk sun zama benen haya. Wai ranar sharar shekara a kawo mutum ashirin su taya ni.

Na ce mutanen da ba sa iya ɗauke tawul daga ƙasa su ne za su share mini gida?

"Awa ɗaya ce kawai, Mama."

Na ce to, awa ɗaya tawa, yini ɗaya nasa. A ba shi hutun ranar talatin ga wata, in ba haka ba su je su share teku. Ya kira manajan a gabana, har da sunkuyawa, sai ka ce ta waya ake ganinsa. An yarda.

Alhamis, 1 ga Fabrairu (22)

Otal ya aiko da jajayen takardu a liƙa a ƙofa don hoto ya yi kyau. Ja, launin murna, a gidan da aka yi rashi wata huɗu da suka wuce. Na mayar musu.

Juma'a, 2 ga Fabrairu (23)

Akwai wata tsohuwa Guan, 'yar Harbin can arewa mai sanyi, da ke haya a benen maƙwabta. Kullum tana leƙowa ta katanga da wata hula mai faɗin faifai. Yau ina sarar gora sai ga ta a tsakar gidana, ba sallama ba komai.

"Ƙanwata, me za ki yi da wannan?"

Ƙanwata! Ina muka haɗa uwa? Na ce tsintsiya. Ta ce a garinsu ba gora, yanzu haka ƙanƙara ta kai gwiwa. Wa ya tambaye ta? 'Ya'yanta ne suka sa ta a jirgi tun watan goma, wai don ƙirjinta. Magana kamar an kunna rediyo. Ta zauna a kujerar tsohon, na ce ta tashi.

Asabar, 3 ga Fabrairu (24)

An yi sharar. Tirƙashi.

Sun zo a farar mota, kowa da tsintsiyar gora sabuwa, otal ya ɗaura wa kowace jan ƙyalle mai sunansa. Ana fara shara daga rufi a sauko, daga ƙurya a fito waje. Su kuwa wasu na turo ƙura ciki, wasu na kaɗa wa juna ganye a fuska. Wata ta ce in sake share wuri ɗaya sau uku saboda ban yi murmushi ba. Wani ya tambayi Awen ko hoton da ke kan teburin kakanni na wani sarki ne. Mijina ne, mai gyaran injin kwalekwale.

Guan ta shigo cikinsu ba gayyata, ta ɗauki ragowar gorata tana bina a baya, duk abin da na yi sai ta yi.

Da aka gama, Awen ya hau babur zai riga su zuwa otal don shirya abincin rana. Ya ce, "Mama, ki kai su mararraba, ki gaya musu su jefar." Na ce na ji.

Ko yaron goye a ƙauyen nan ya san tsintsiyar nan ta kwashe tsiyar shekara guda, da ciwonta, da mutuwarta. A mararraba ake yar da ita a juya ba waiwaye. Na yar da tawa na juya. Guan ta yar da tata. Sauran suka tsaya suna hoto da nasu, sai kuma suka hau mota da su, ganye na leƙowa ta taga.

Ba a waiwaye, shi ya sa ban yi magana ba. To, motar ta gabana ta wuce, na gani. Na yi dariyar da rabona da ita tun kafin jana'iza. Su kai Harbin, su kai Beijing, su rataye a falo.

Lahadi, 4 ga Fabrairu (25)

Ajiao, 'yar ƙanwata da ke gyaran ɗakuna a otal ɗin, ta biyo da labari. Tsintsiya ashirin ta shiga ta babbar ƙofa, ta wuce gaban bishiyar lemon da suka yi wa ado, ta hau bene. Masu gyaran ɗaki da masu girki duk matan ƙauyukan nan ne. Suka ce ba mai shiga ɗakin da tsintsiyar take, balle wadda ta fito daga gidan makoki. Tun azahar har yamma ba a gyara gado ko ɗaya ba. Baƙi kuma suka ƙi bayarwa, wai kyautarsu ce, ga sunan otal a jiki.

Manajan ya yi ta ihu wai camfi ne. Shi da ya biya kuɗin mota don a zo a kalli camfin!

Na tambaye ta Awen fa. Ta ce an kira shi ofis.

Talata, 6 ga Fabrairu (27)

An soke hutun. Wai Awen ne ya shirya abin, shi zai ɗauki laifin, kuma in ya ƙara kuskure ɗaya kafin baƙi su watse ya nemi wani aikin. A saƙo ya gaya mini, layi biyu. Bai tambaye ni komai ba.

Laifin manaja ne. Wa ya ce ya ɗaura ƙyalle?

Laraba, 7 ga Fabrairu (28)

Ban ci abinci ba. Zafi ne.

Alhamis, 8 ga Fabrairu (29)

Ya kira da safe, muryarsa kamar ta mai mura.

"Mama, gobe zan ajiye musu rigarsu in taho. Ba zan bar Baba ba."

Abin da nake so in ji ke nan tun wata huɗu. Matarsa na da ciki wata bakwai. A garin nan in otal ɗaya ya kore ka, duk sauran sun ji kafin ka kai bakin titi.

Na ce ya zauna ya yi aikinsa. Ya ce wa zai miƙa zakaran? Na ce ba ruwansa. Ya ce Mama. Na ce kada in ga ƙafarsa a gidan nan gobe, na kashe wayar kafin bakina ya canza magana.

Juma'a, 9 ga Fabrairu (30)

Na yanka, na fige, na dafa shi ɗungurungum, kai a miƙe yadda tsohon yake so. Shinkafa kwano biyar, giya ƙoƙo biyar, turare. Sai na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da faranti a hannu, inda na saba tsayawa shekara arba'in, ba wanda zan miƙa wa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Guan ce ta karɓi farantin daga hannuna. Ta tsaya a bakin ƙofar a madadina. Ta cire hular ma.

Na shiga, ta miƙo mini farantin. Na ɗauka ban san sunayen ba, ashe suna nan a bakina, tun daga kakan kakan tsohon, har da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Da na zo kan nasa sai muryata ta ƙi. Sau uku ina gwadawa. A ƙarshe na ce, "Tsoho, ni ce. Yaron yana wurin aiki. Zo ka ci, kai ka kiwata shi." Turaren bai mutu ba, rufi bai faɗo ba.

Matar maƙwabci ta leƙo ta gan ni a gaban teburin, ta taɓe baki. Ta sha kallo.

Mun ci mu biyu. Guan ta ce naman bai nuna ba, wai akwai ja a ƙashi. Mutanen arewa sai sun dafa kaza ta zama tsumma. Duk da haka ta ƙara. 'Ya'yanta sun kira ta a waya ana ganin fuska, minti biyu, ta yi ta ce musu tana cikin mutane, tana jin daɗi. Da ta ajiye wayar ta daɗe tana goge gilashin idonta.

Lahadi, 11 ga Fabrairu (2 ga sabon wata)

Awen ya zo da hantsi, an ba shi awa uku. Ya miƙo mini goron binlang, wanda ake ba manya don girmamawa, da hannu biyu, ya shiga ya kunna wa ubansa turare. Da ya fito ya tambayi wa ya kira sunayen. Na ce wa yake gani?

Na zuba masa cinyar da na ajiye. Yana ci na ce masa ranar nan ban gaya wa baƙin su jefar ba. Na ga tsintsiyoyin suna shiga mota na yi shiru.

Bai ɗago kai ba. "Na sani, Mama. Direba ya gaya mini tun ranar."

Tun ranar. Kafin a kira shi ofis ke nan.

Na tashi na ɗauko masa ɗaya cinyar, wadda na ce ta matarsa ce. Sai na ji kaina ina tambayarsa wai me yake yi ne a otal ɗin tun safe har yamma. Ya dube ni ya ga ko gatse ne. Shekara shida ban taɓa tambaya ba.

Ya yi ta bayani. Yawancinsa shirme ne. Na saurara har ƙarshe.