Ina Hawa Matakala, Ashe Ita Lifta Take Shiga

Anti Fatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kwana huɗu ke nan abu ya tsaya mini a wuya.

Ni ɗaliba ce a Alƙahira. Muna zaune a hawa na tara a unguwar Hay el-Sabi' ni da ƙawata Nana Khadija, tun daga Funtuwa muke tare, kwano ɗaya muke ci. Kafin jarrabawa likita ya ce sukarina ya fara hawa, in ban motsa jiki ba zai ɗora ni a kan magani. Ciwon nan shi ya ci ƙafar mahaifina, kin ga dole in tsorata. Sai ga hutun tsakiyar shekara, ga sanyin Masar mai shiga ƙashi, daga bargo sai shayi sai koshari, dafa-dukarsu ta shinkafa da taliya. Khadija ce da bakinta ta ce mu daina shiga lifta, mu riƙa hawa matakala safe da yamma har hutu ya ƙare. Har rantsuwa muka yi, Anti, mu da muka karanta babin rantsuwa a fiƙihu!

Kullum sai ta ce yalla, wato mu je, ta wuce ni da gudu. In na kai sama da ƙyar, in tarar da ita tana haki, fuska sharkaf, tana ce mini kunkuru. Rannan a hawa na shida na zauna na yi kuka, ina ganin ni ce ragguwa. Har ina jin lifta tana wuce ni, ina cewa a raina Allah ya shiryi malalata.

Kwana goma sha ɗaya muna haka. Sai wata tsohuwa 'yar Masar da ke hawa na takwas, Madam Samar, ta tare ni tana tambaya ko faɗa muka yi. Wai kullum ƙawata a hawansu take fitowa daga lifta, ta yayyafa ruwan gora a fuska, sannan ta taka sauran hawa ɗayan. Ashe hawa na biyu kawai take kaiwa ta kira lifta abinta.

Anti, an ci amanata. Ba liftar ce ta fi ƙona mini rai ba, kunkurun nan ne. Ban ce mata komai ba, na dai daina hawa, na raba kwano. Saura mako guda in koma wurin likita. In nemi wani gida ne?

Mai Haki a Hawa na Shida

*

Ƙanwata, ɓacin ranki yana kan hanya. Ta yi miki ƙarya, ta kuma ɗora da zolaya, wannan sai ta nemi yafiya. Amma kar ki ɗaure kaya tukuna.

Ba ita ke da ciwon ba, duk da haka safe da yamma take baro bargo ta sauko ƙasa dominki. Maƙiyi ba ya wannan wahala. Ina kyautata zaton tun rana ta biyu ta gaza, kunya ta hana ta faɗa, ko kuma ta ji tsoron in ta sare ke ma ki sare. Ga shi kuwa kin sare ɗin. Ki zaunar da ita ku biyu, ba a gaban 'yan gida ba, ki gaya mata abin da kika ji da yadda kalmar nan ta yi miki zafi. Maganar rantsuwa ki bar mata, ta san babin kaffara.

Hawa tara sau biyu ma ya yi wa mai farawa yawa. Ki taka huɗu ko biyar ki shiga lifta, ba abin kunya ba ne. In rana ta fito bayan azahar, ki zaga unguwa na rabin awa, sauran ki tambayi likitanki.

Khadija ta yi ƙarya, amma kwana goma sha ɗayan nan da ƙafarki kika taka su, kuma ke kaɗai ce a gidan kika kai hawa na tara da gaskiya. Fushin da kike yi yanzu ba ita yake hukuntawa ba. Ranar da za ki koma asibiti jininki za a auna, ba nata ba. Gobe ki sa takalmi.

Allah ya ba ki lafiya, ya ƙara wa Baba sauƙi, ya maido ku kwano ɗaya.

Anti Fatu