Inda Mota Ba Ta Zuwa

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon ƙafar? Mu nan muna ta haƙuri.

Yaya, ranar Asabar na gane abin da ya sa 'yata 'Yarbaba ta ishe ni da maganar doki. Muna tsaye a bakin shingen wata makarantar koyon hawa, sai ta ja rigar mai koyarwa, ta tambaye shi ko dokinsu yana kai mutum inda mota ba ta zuwa. Ya bushe da dariya ya ce har gaba da nan ma. Ni kuwa sai da na dafa shingen.

A hanya na lallaɓa ta ta gaya mini. Ashe ranar da aka fita da gawar Babanta, Gwaggonta ta ja ta ɗaki ta ce ya yi tafiya can inda mota ba ta zuwa. Yarinya 'yar shekara shida ta zauna ta yi tunaninta: in mota ba ta zuwa, ai doki zai je. Ni ina nan ina cewa sha'awa ce ta yara.

Na kira Gwaggon. Wai ita taimako ta yi, wai me yaro ya sani. Matar da ba ta taɓa goya yarinyar nan ba! Ta zo ta yi kukanta mai ƙara don maƙwabta su ji, ta zaɓi agogonsa a cikin kaya, ta tafi ta bar ni ina renon ƙaryarta.

Makarantar kuwa, kada ki tambaya. Ofis sai ƙamshi, an jera kofunan gasa a kabad, mai wurin da farin takalmi wanda da gani bai taɓa taka kashin doki ba. Ran farko suke ɗora yaro a ɗauki hoto. Wai kafin wata uku za ta yi sukuwa ita kaɗai, yana faɗa yana washe baki kamar albishir yake mini. Da ya ji marainiya ce sai ya gyara zama, wai za su sa hotonta a allon talla. Na ce ya sa na uwarsa, na ja 'yata muka fito.

Makaranta ta biyu da muka duba ta fi muni. Dawaki duk haƙarƙari a waje, babu hular kwano ko ɗaya, mai koyarwa yana waya da hannu guda, ɗayan riƙe da bulala.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Autar Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Na samu wasiƙarki, na gode. Allah Ya ƙara sauƙin ƙafar. A shafa mini kan yara.

Kin ce in zaunar da ita in gaya mata kawai. Daga nesa komai sauƙi gare shi, Yaya.

Na zaɓi makaranta. Wata mata ce mai wurin, ba ta da fara'a ko ta kwabo. Dokarta, sai yaro ya yi wata guda yana taje doki, yana ba shi ruwa, yana jan sa da igiya, kafin ya taka likkafa. Wani uba yana can yana masifa wai shi ba aikin barga ya kawo ɗansa ba. Ni nan take na ce a karɓe ta. Ban san komai a kan doki ba, jinkirin wata gudan nan na gani na kama.

'Yarbaba ta yi mata tambayar nan ita ma. Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce nata dawakin fili suke zagayawa su dawo gida, sannan ta ɗago ta kalle ni har sai da na sunkuyar da kai.

Yanzu akwai wani guntun doki ja da take tajewa, tana ba shi labarin Babanta a kunne. Shekaranjiya na buɗe jakarta na ga tabaraunsa naɗe cikin safa. Wai ya manta da shi, kuma ba ya gani sosai in babu.

Mako uku ke nan da farawa. Asabar mai zuwa za a ɗora ta. Na saya mata hula da takalmi, na gyara mata wando. Har yanzu ban gaya mata ya rasu ba.

Ƙanwarki,
Autar Inna