Ɗakin Inna Ya Kalli Kudu

Baban Mariya,

Gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Ali Kazaure, Jos. Ya karatu, ya baƙunta a ƙasar Sin? Muna lafiya, sai dai Inna.

Sanyin bana ya kama mata gwiwa, sai ta dafa bango take tashi. Ta ɗaure kayanta, wai za ta koma garin Lafiya inda ba sanyi, wajen 'yarta Yaya Habiba, ita da Jos sai ziyara. Ka san tun rasuwar mahaifiyata ba ni da uwa sai taka. In ta tafi ban san yadda zan yi ba.

Ana cikin wannan kai kuma ka cika mini takarda da labarin tsofaffin garuruwan Sin! Da farko haushi na ji. Da na sake karantawa sai na tsaya inda ka ce mutanen da can sukan kafa sanda, su bi inuwarta su gane gabas da yamma, sannan su juya ƙofofinsu kudu don rana ta shiga ɗaki lokacin sanyi. Na duba ɗakin Inna, ashe arewa yake kallo. Rana ba ta ko leƙa shi.

Na roƙe ta ta jira a rufa ɗaki ɗaya a filinmu na Tudun Wada. Ta yarda da ƙyar.

Taka,
Fiddausi

Baban Mariya,

Ina gaisuwa, da fatan mura ta sake ka.

Da ka ga matarka da ka yi dariya. Ban sami sanda ba, taɓarya na kafa a tsakiyar fili. Na zana da'ira da igiya, na sa dutse inda kan inuwa ya taɓa ta da safe, na sa wani da yamma, na ja layi tsakaninsu, ga gabas ga yamma. Oga Romanus magini ya riga ya ja igiyarsa ƙofa na kallon titi, kamar gidan kowa. Da na ce a juya ta kudu, ya rantse bai taɓa ganin mai juya wa titi baya ba, ya ce sai ya ji daga bakin maigida. Na ce ai daga bakin maigidan na ɗauko. Yana mita yana haƙa.

Yanzu an rufa ɗakin. Jiya da hantsi na kai Inna a keke-napep. Ta zauna a bakin ƙofa, rana ta shigo ta kwanta mata har gwiwa. Can sai na ga ta cire safa, abin da ba ta yi ba tun shigowar sanyi. Ƙwalla ta cika mini ido.

Yau da safe ta sa na sake kai ta. Ashe reshen zogale ta ɓoye a mayafi. Ta dasa shi gefen ƙofa, ta gargaɗe ni kada in taɓa mata, wai hannuna ba ya raya shuka. Ita za ta riƙa ba shi ruwa da kanta kullum.

Mariya na gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Fiddausi