Sunayen da Aka Cire daga Waƙar Baba

Diyarbakir

Yaya Bawer,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Nesrin da yara.

"Ko wasali ɗaya ba zan taɓa ba." Haka ka faɗa ranar jana'izar Baba, da ka kwashi kasa-kasan waƙoƙinsa za ka mai da su littafi. Jiya na karanta samfurin littafin da ka aiko. Waƙar ƙona ƙauyenmu tana ciki, amma babu ƙauyen. Berzivan ta koma "wani gari a kan dutse". Mutanen da Baba ke kira ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a kunne, ka dunƙule su sun zama "'yan uwa". Ka san a al'adarmu mawaƙi ba ya fara makoki sai ya kira matattu da sunayensu. Ka mayar da sunayen.

Ƙanwarka,
Perwin

Istanbul

Perwin ƙanwata,

Muna lafiya, Nesrin na gaishe ki. Har yanzu zuciyar nan taki ba ta huce ba.

Ki yi tunani. Littafin da Kurdanci zai fito, harshenmu da aka tsare Baba saboda shi. In aka ga sunayen nan, hukuma kwashe shi za ta yi. Al'umma da harshenta take rayuwa, ba da lissafin kaburbura ba. Baƙin cikin da ba a ɗaure shi da ƙauye ɗaya ba, na kowane Bakurde ne. Rabin waƙa a hannun yara ya fi cikakkiya a akwati.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Bawer

Diyarbakir

Yaya,

Ina amsa gaisuwar Nesrin.

Kada ka yi mini lacca, Farfesa. Littattafan da kake taƙama da su ni na ara maka. Mutumin da aka cire wa suna, wa zai ce an kashe shi? Hukuma ta goge Berzivan daga taswira, ta kasa goge ta daga bakin Baba. Kai ka ƙarasa mata aikin.

Kuma ba hukuma kake tsoro ba. Waƙar tana kaina, na rera ta daga farko zuwa ƙarshe. A baitin ƙarshe Baba ya ambaci wanda ya nuna wa sojoji hanyar kwazazzabo: Hemo, surukinka, mahaifin Nesrin. Ka share mutanen gari guda don kada a lura da suna ɗaya da ya ɓata.

Nesrin ba ta da laifi, tana goye a lokacin. Su ma waɗanda aka ƙone ba su da shi.

Na ba ka zuwa jajiberin Newroz, bikinmu na sabuwar shekara, ka aiko samfuri cikakke. In bai zo ba, washegari zan tsaya gaban wutar biki a kangon Berzivan in rera waƙar duka. Muryata ba daɗi, kuma wataƙila jami'an tsaro su tafi da ni kafin in kai ƙarshe, don haka da baitin ƙarshe zan fara. Ka gaya wa matarka da bakinka kafin ta ji daga nawa.

Ka huta lafiya.
Perwin