Wa Ka Kashe Yau?

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Rissa ya zo rumfata da hantsi, rawani har ido, butar shayi a hannu. Tun daga bakin titi ya ɗaga murya: "Mai-kashe, wa ka kashe yau?" Na ce, "Roba kawai." Shekara da shekaru gaisuwarmu ke nan, kuma har yanzu dariya yake yi kamar yau ya ƙirƙiro ta. Laifin Faransanci ne da ya sa wa hatimin ofis suna kashe, ni kuma sassaƙa shi ne abincina a Tanut.

Yau ba hatimi ya kawo shi ba. 'Yarsa Adawiyya ta gama karatun ungozoma a Damagaram, ta ce masa ƙawayenta duk an ba su kati mai fure. Shi ma sai ya ba ta. Makiyayin raƙuma da kati! Na nuna masa furannin Turawa a waya, ya ture hannuna. Wai furen tumfafiya yake so, don shi take tsinkowa tana ƙarama ta soka a kitso, uwarta na bin ta da faɗa kada nononsa ya shiga mata ido.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na tsinko furen a bayan tasha. Ban taɓa kallonsa da kyau ba sai yau. Fari ne, bakinsa ja-ja shuɗi-shuɗi, kamar an tsoma. Na yanko roba daga tsohon silifa, na zana, na fara bi da wuƙa. Hatimi uku zai ci: fure, ganye, rubutu. Tawada kuwa sai na haɗa ja da shuɗi. Matata Hassana ta ce tun da muka yi aure ko ganyen yakuwa ban zana mata ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An sare Sahabi.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Damagaram, asibiti. Hannun dama ya tafi daga wuyan hannu. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya.

Raƙuma ya tarar cikin wakensa, a gonarmu ta gado wajen Belbeji. Ya ɗauki sanda ya kore su, ya maki ɗaya a ƙafa. Mai kiwon ya zaro takobi. Sahabi ya ɗaga hannu ya kare kansa, shi ke nan. A amalanke aka kai shi bakin hanya, rigarsa ta sha jini har ta yi nauyi. Matarsa Mariyama ta naɗo hannun cikin zane ta biyo su da shi, tana tsammanin za a mayar.

Na tambayi wane ne. Suka ce Ila, ɗan Rissa. Ilan da yake zama a kan bencina yana shan shayina.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na buɗe rumfa don kada in haukace a gida. Robar furen na nan inda na bar ta. Ban san lokacin da na fara caka mata wuƙa ba, na yi ta yi har wuƙar ta shige katako. Kwalbar jar tawada ta kife, ta bi teburi ta ɗiga a ƙafata. Na zauna ina kallo, ban goge ba.

Ila ya gudu arewa, wajen Tenhiya aka ce. Jandarma na nemansa. Su nema. Ni na fi so in riga su.

Talata, 15 ga Oktoba

Ina ƙauye. Gajere, ɗan baffanmu, ya tara maza a gindin aduwa. Ya ce zangon Rissa na nan bai tashi ba, kuma uban ya san inda ɗansa yake. "Ko ya fito da shi, ko ya biya da nasa hannun." Mai gari ya aiko a yi haƙuri a bar wa hukuma. Gajere ya ce a gaya masa haƙuri ba ya riƙe hauya.

Wani ya nuna ni ya ce, "Isma'ila fa abokin Buzun ne." Na ce ni zan shiga gaba. Na wasa addar Sahabi da kaina. Wasa ƙarfe dai aikina ne, ta fito tana aske gashin hannu. Wallahi daɗi na ji.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mun je da rana ta ɗaga, lokacin samarinsu sun kai dabbobi rijiya. Mata da tsofaffi kawai muka tarar.

Ni na kunna wa bukkar farko wuta. Tabarmi ne, nan da nan suka kama. Mata na ihu suna jan yara, wata ta koma cikin hayaƙi ta ɗauko tukunya, tukunya fa. Aka fasa salkunan ruwa, aka zubar da hatsi a ƙasa aka tattake. Akwai ɗan raƙumi ɗaure a turke, bai fi wata biyu ba. Na sare shi a agara, ya durƙusa, na ƙara masa a wuya. Kukansa kamar na mutum. Jininsa ya fantsamo mini har baki, ban ji komai ba, ƙari ma nake nema.

Rissa bai gudu ba. Ya fito hannu a sama yana cewa bai san inda yaron yake ba. Gajere ya sauke masa kulki a muƙamuƙi, na ji ƙarar ƙashi. Ya faɗi, suka rufe shi da duka. Rawaninsa ya warware. Duk zamanmu ban taɓa ganin bakinsa ba sai yau, haƙora biyu a ƙasa cikin rairayi. Gajere ya take masa hannun dama ya ce, "Yaya, ga naka. Sare!"

Na ɗaga addar. Na auna wuyan hannun, daidai inda aka yi wa Sahabi. Sai ya buɗe ido ya gane ni. Jini na zuba, maganar ma ba ta fita sosai, amma na ji ta.

"Mai-kashe... wa ka kashe yau?"

Ban sani ba ko ba'a yake yi, ko roƙo, ko kuwa hankalinsa ne ya gushe bakinsa ya kama abin da ya saba. Hannuna ya tsaya a sama. Gajere na ta ihu a kunnena. Da ya miƙo hannu zai karɓi addar, na ture shi ya faɗi zaune. Sai ga ƙarar mota daga nesa, kowa ya watse.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gajere ya tofa mini yawu a gaban masallaci. Ya ce na sayar da hannun ƙanena a kan kofin shayi. Ƙila gaskiyarsa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Jandarma sun kwashi Gajere da wasu. Ni ba wanda ya zo nema. An ce da suka karanta wa Rissa sunaye yana gyaɗa kai ko ya girgiza, da aka zo kan nawa ya girgiza. Haushi ma abin ya ba ni. Wa ya roƙe shi?

Tun ranar nama ba ya ciyuwa a wurina. Hassana ta daina tambaya.

Talata, 22 ga Oktoba

Na koma duba Sahabi. Yana koyon cin tuwo da hagu, yana zagin cokali. Na ba shi labarin wutar, ina jira ya ce madalla. Ya daɗe yana kallon dungulmin, sannan ya ce, "To, Yaya, ya tsiro?" Ya juya wa bango fuska.

Ashe Rissa ma nan aka kawo shi, ɗaki biyu tsakani. A baranda Adawiyya ta tare ni, ta durƙusa har ƙasa. "Baba Isma'ila, ka zo duba shi? Allah ya saka." Ba ta sani ba. Ta ce an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba ya magana, sai dai yana ta zana mata wani abu a tafin hannu da yatsa, kamar tauraro, ta kasa ganewa. Na ce sauri nake, mota za ta tashi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ban yafe wa Ila ba, kada ma wani ya yi zato. In na gan shi ban san abin da zan yi ba.

Katin dai aiki ne da na karɓa, kuma ban saba barin aiki a rabi ba. Na sake sassaƙa furen, tun da wancan ya zama rariya. Jar tawadar da ta rage kaɗan ce, na haɗa da shuɗi, launin ya fito daidai. Na buga fure a kusurwoyin farin kwali, ganye a tsakaninsu, a tsakiya BARKA ADAWIYYA. Fure ɗaya ya ɗan goce. Na bar shi haka.

Jiya na kai. Na so in ba wata ma'aikaciya ta miƙa, sai ban ga kowa ba, dole na shiga. Na ajiye masa a ƙirji. Ya ɗauka da hannun dama, ya daɗe yana dubawa, ya miƙa wa 'yarsa. Ita kuwa ta dubi katin, ta dubi tafin hannunta, ta fashe da kuka.

Na juya zan fita, ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado. Leɓɓansa na motsi a kan wayar, ba sauti, amma na san tambayar. Na ce, "Roba." "Kawai" ɗin ya ƙi fita.

Addar na ba Hassana ta riƙa saran itace. Dama ta daɗe tana kuka da tata.