Tambayar da Hadiza Ta Yi wa Soja

Zuwa ga yayana Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi. Na tsufa, Yaya, har na girme ka yanzu, amma raina bai huce ba.

Ka tuna lokacin da aka turo ka mushe, wato malamin makaranta, a ƙauyen nan na bayan Hawandawaki, ka ɗauko ni daga gida don in shiga lakwal, makarantar boko? Shekarun fari ne, soja ke mulki. Gero ya ƙone tun yana ƙarami, yara suna zuwa aji cikinsu babu komai. Ka ce ba za ka cika wa mai jin yunwa kai da hadda ba, sai ka fitar da mu fili.

Ka kife babbar ƙwarya a tsakiya, ka shafa mata jar ƙasa, ka ce ita ce rana. Ka ba ni goruba ka ce ita ce duniya, in riƙa zagaya ƙwaryar. Hadiza, ƙawata, ka ba ta magarya guda, ita ce wata, tana zagaya ni ina zagaya rana, har jiri ya kwashe mu muka zube, yara na ta dariya.

Wata rana ka toshe tagogin aji da zana, ka kunna tocila, ka sa goruba tsakaninta da magarya. Inuwa ta rufe magaryar. Ranar muka gane yadda husufi yake, mu da muka saba fitowa da kwanoni muna kaɗawa don rana ta saki wata. Ka sa muka kafa sanda a fili muna bin inuwarta da tsakuwa. Ka sa muka haɗa kumbo da karan dawa da gwangwanin madara, ka ce da irinsa mutane suka je wata suka dawo. Kakan ce: "Ku duba da idonku, sannan ku tambaya."

To, Hadiza ta tambaya.

Ranar da aka ce wani hafsan soja zai zo duba halin yunwa, an jera mu a rana tun hantsi muna rera waƙar maraba. Yara biyu suka suma. Da ya iso, babu ko buhu ɗaya a motarsa. Ya ce mu yi haƙuri, hanya rairayi ce, babbar mota ba ta iya shigowa. Ya ga kumbonmu ya yi dariya, ya tambayi mai shi. Hadiza ta ɗaga hannu. Ba rashin kunya ta yi ba, sani take so. Ta ce: "Idan an iya zuwa wata, me ya hana hatsi zuwa garinmu?"

Sai diraktan lakwal, Mushe Abdu, wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya, ya matso ya ce kai ka kitsa wa yarinyar, kuma ka daɗe kana zuga yara. Ƙarya ya yi, Yaya, kuma ya san ƙarya ce. Iyayen da kake raba wa 'ya'yansu kunun gidanmu suna tsaye, babu wanda ya ƙaryata shi. Daga baya ma har da masu cewa yawan nuna sama da kake yi da yatsa ne ya kori ruwa.

A motar nan aka tafi da kai. Da aka sake ka, aka jefa ka can arewa mai nisa. Mushe Abdu ya sa aka hura wuta da kumbonmu. Uban Hadiza ya cire ta daga lakwal don tsoro, kuma ba ta sake komawa ba. Damina ba ta zagayo ba sai ga saƙo wai zazzaɓi ya kashe ka. Ba a kawo mana ko rigarka ba. Inna ta rasu tana tambayar duk matafiyin da ya fito daga arewa ko ya san inda aka rufe ka.

Satin da ya wuce Mushe Abdu ya aiko ɗansa har gidana a Tasawa. Wai yana kwance, jiki ya yi nauyi, yana neman gafara. Na ba yaron ruwa ya sha, na ce ya gaya wa ubansa ba ni ya yi wa ƙazafi ba. In gafara yake so, ya sa a tara mutanen ƙauyen da ka koyar a filin da ya yi ƙaryar, ya faɗi gaskiya a gabansu, Hadiza tana zaune. Har yau shiru.

Na san da kai ne, da ka yafe tun kafin yaron ya zauna. Kai haka kake. Ni ban iya ba tukuna, kada ka ga laifina. Ina kewarka, ɗan'uwana. Ban taɓa gaya maka irin ƙaunar da nake maka ba, don lokacin ina ganin kullum kana nan.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Inna. Ban san inda kabarinka yake ba, Yaya, amma Allah ya sani. Ya saukar da ruwan sama a kansa duk shekara.

Ƙanwarka,
Rabi